Lambu A Kan Rufin Makaranta: Ina Matsayin Shari'a?

Duk wanda ya taɓa zaman karatu a Alƙahira, ya hau saman ɗaya daga dogayen gidajen da ke kewaye da Azhar, ya san rufin gida a can ba wurin banza ba ne. Nan ake kiwon tattabaru da kaji, nan ake shanya. Ƙunci ne ya jawo haka, domin mutanen birnin da kewayensa sun haura miliyan 20, ƙasar noma kuwa 'yar siririya ce a gefen Kogin Nilu, gini yana ta cinye ta. Saboda haka tun farkon shekarun 2000 masana aikin gona na Misra suka shiga koya wa jama'a shuka latas da tumatir da na'ana'a a kan rufi, har abin ya kai ga wasu makarantu.

Mu ma ba mu tsira daga wannan ƙunci ba. Da can ganuwar Kano ta kewaye gonaki da fadamu tare da gidaje, yau kuwa kusan duk sun zama unguwanni, har ya zamana wani sashi na ganyen da muke ci da ruwan Jakara ake ba shi, alhali kowa ya san abin da ke kwarara a cikinsa. To, ga attajiranmu suna ta gina makarantun Islamiyya masu bene, sai a zuba kankare a sama a bar shi rana tana duka.

A wurin malamanmu na Malikiyya, wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki sararin da ke bisanta. Har ma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya halatta sayar da sararin da ke saman gini, muddin an siffanta ginin da za a ɗora. Ashe ke nan rufin makaranta dukiya ce. In kuwa makarantar waƙafi ce, rufin ma waƙafi ne, kuma barinsa haka nan sakaci ne da amanar da ke wuyan mai kula da shi. Hadisin Anas da Buhari da Muslimu suka ruwaito ya nuna mai shuka yana da ladar sadaka ko da tsuntsu ne ya ci, balle ɗalibin da ya fito gida bai karya ba.

Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma nan ne muke tsoron gaggawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 20 a kan murabba'in mita ɗaya ta fi kilo 300, yara kuwa suna zaune a ƙarƙashi. Bai halatta a ɗora ko kwando guda ba sai injiniya ya auna ginin ya yarda, kuma ma'aikacin da ya sa hannu a takarda ba tare da ya je ya duba ba, alhakin rayukan nan yana kansa. Shi ya sa a Misra sukan yi shukar cikin teburan katako, da abin shuka marar nauyi maimakon turɓaya. Mu nan ɓuntun shinkafa da taki ba su yi mana wuya ba.

Sai haƙƙin maƙwabci. Wanda ya hau rufi a cikin birni yana iya hango tsakar gidan mutane da iyalinsu, don haka lalle ne a ɗaga katanga ta wuce tsawon mutum, wadda kuma za ta hana yaro faɗowa. Ruwa kuwa, na alwala da ɗalibai ke zubarwa kullum mai tsarki ne, a tara shi a ba shuka.

Wani ɗan kasuwa ya tambaye mu ko akwai zakka a kan abin da aka girba. A mazhabar Maliku babu zakka a kan kayan lambu irin su latas da alayyafo, ko da yake Abu Hanifa ya wajabta ta. In an sayar, kuɗin ya shiga aljihun makaranta, kuma ya kyautu mai waƙafi ya rubuta haka tun ranar da ya sa aka haƙa harsashi.