Ƙugin da ke ɓata wa lasifika suna

Ana saura minti goma liman ya hau mumbari, aka kunna na'urorin masallaci, sai lasifika ta ɗauki wani ƙugi mai kauri kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Wani ya bubbuga makirufo, wani ya murɗa waya, ɗan kwamiti kuwa ya yanke hukunci: lasifikar ta mutu, a sayo sabuwa. Sau da yawa lasifikar lafiyarta ƙalau. Abin da aka aiko mata ne kawai take faɗa.

Wannan ƙugi muryar wutar lantarki ce. Wutar da ake sha a Nijeriya da Nijar da Gana tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, a Amurka sau 60, kuma daidai wannan bugun ne kunne ke ji. Ta ina ya shiga hanyar murya?

Amsar tana cikin wayar ƙasa, wato ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke haɗa gangar jikin na'ura da ƙasa don kada wuta ta ja mutum. A ɗauka an jona miksa a soket na gaban masallaci, amfilifaya kuma a soket na baya. Kowacce tana da tata wayar ƙasa. Sai aka haɗa su da wayar sauti, wadda ita ma rigar ƙarfen da ke lulluɓe da ita tana taɓa jikin na'urorin biyu. Ke nan an rufe zobe. Da wuya ƙarfin lantarki ya zo daidai a ƙasan soket biyu, balle idan firij ko fanka na sha daga layi ɗaya, don haka wata 'yar wuta takan riƙa zagaya zoben. Ƙarama ce ƙwarai, amma abin da makirufo ke fitarwa shi ma bai wuce 'yan kaso cikin dubu na volt ɗaya ba. Amfilifaya ba ta iya bambanta muryar liman da ta wutar lantarki. Duk wanda ya zo ƙara shi take yi.

Irin wannan na faruwa a situdiyo da wurin biki, inda ake ɗaura ƙananan na'urori huɗu ko biyar a kan adafta ɗaya mai volt 9 da waya mai rassa. Dukkansu hanya ɗaya wutarsu ke bi ta koma, sai hayaniyar na'urar dijital ta zubo cikin maƙwabciyarta. Cajar laftof ma gwana ce a nan, sai dai nata kukan siriri ne, kamar na gyare. A zare cajar, a bar laftof a kan batir: idan shiru ya biyo baya, an kama ɓarawo.

Gwanin mai gyara ba ya gaggawar kwance na'ura. Yakan cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ya bar ta da lasifika kaɗai, ya saurara. In babu ƙugi, sai ya mayar da miksa, ya sake saurare, sannan makirufo, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka sa ƙugi ya dawo, nan zoben ya rufe.

Magani mafi arha shi ne a jona duk kayan sauti a wuri ɗaya, ta yadda wayoyin ƙasansu za su haɗu a mahaɗa guda. Bayan haka sai a bar siririyar waya mai kan RCA idan tafiyar na da nisa, a koma wa XLR mai ƙafa uku, wadda ke ɗaukar sauti ta layi biyu, na'ura ta soke hayaniyar da ta shige su tare. Inda abin ya ƙi, akwai ƙaramin akwatin DI mai tiransifoma, wanda ke miƙa sauti ta hanyar maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Wani lokacin laifin daga masana'anta yake: a 1995 injiniya Neil Muncy ya nuna cewa kamfanoni da yawa na jona ƙafa ta ɗaya ta XLR a cikin da'irar sauti maimakon gangar jikin na'ura, kuma a 2005 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fitar da ƙa'ida a kan haka.

Akwai kuma maganin 'yan gaggawa: a karya ƙafa ta uku ta filogi. Ƙugi kan tsaya nan take, abin da ya sa dabarar ta yaɗu. Amma ranar da waya ta tsinke a ciki ta taɓa jikin amfilifaya, volt 230 ba su da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin mai riƙe da makirufo. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, bayan ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa.

Kwamitocin masallatai da masu hayar kayan biki, kafin ku nufi kasuwa neman sabuwar lasifika, ku duba filogan da kuke da su. Duk wanda ƙafarsa ta uku ta karye, a canja shi kafin Juma'a mai zuwa.