Abin da Fiyano Ba Zai Iya Faɗa Ba

Kwanan baya wani gajeren bidiyo ya zaga wayoyin matasa a Sandamu, daga teburin mai shayi na bakin titin Daura har majalisun Karkarku da Rijiyar Tsamiya. Makaɗan Tal National ne na birnin Yamai: jita masu aiki da lantarki, gangunan bature a baya, ga kuma wani rungume da kalangu a hammata yana amsa musu. Nan take musu ya kaure. Dattawa suka ce an wulaƙanta kalangu, an kai shi gidan da ba nasa ba. Samari kuwa cewa suka yi wahalar banza ce, tunda fiyano ɗaya yana fitar da kalangu da kotso da ƙwarya, ba sai an ciyar da mutum biyar ba.

Maganar samarin ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta zauna a zukata har ta fara raba mutane da abincinsu.

Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar waƙa na Kano, kunnenmu ya saba da abin da ake ce mana kalangu ne. To me ke cikin na'urar? Bugu ne aka ɗauka aka adana. Ka danna maɓalli sau dubu, bugun nan ne zai dawo maka, bisa ƙidayar da aka saita masa, ba gaba ba baya.

Yanzu dubi kalangun gaske. Ice ne aka fafe mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, tsarkiyoyi sun haɗa su. Makaɗi ya matse da damtse, fatar ta ɗame, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. A cikin bugu guda ma yana iya ɗaga shi ya sauke. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya, wuyan raƙumi da wuyar rayuwa, haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Wannan hawa da saukar shi kalangu yake bi, shi ya sa yake magana. Da shi ake kiran mahauci da takensa, da shi ake sa ɗan dambe tsuma tun bai shiga fili ba.

Wani zai ce ai kwamfutar yau tana lanƙwasa sauti. Haka ne, tana yi. Amma ba ta da ido. A wani biki da na halarta bara a nan Sandamu, na tsaya dab da wani dattijon makaɗi, rigarsa sharkaf da gumi, idonsa na kan ƙafafun masu rawa. Wata tsohuwa ta shigo fili da sanda. Bai ce da kowa komai ba, ya ja kiɗan ƙasa daidai takunta, sannan ya kaɗa wani take. Ta tsaya cak, ta ɗaga sandar, ta rangaɗa guɗa. Taken gidan mahaifinta ne, an ce ta yi shekaru ba ta ji shi ba.

Nan bambancin yake. Kiɗan na'ura tamkar hoton aboki ne a bango: kamanninsa ne sak, amma ba zai amsa sallama ba. Tamkar saƙon murya ne da aka naɗa jiya, ka yi masa tambaya yau ba ya juyowa. Tamkar rigar kanti ce da aka yanka wa kowa, shi kuwa makaɗi tela ne da ke gwada ka yana ɗinki. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a tsaye yake ƙirƙirar baiti. Inda duk ya karkata, masu kalangunsa na biye da numfashinsa. Da ƙidayar na'ura ya bi, da rabin hikimar ba ta samu ƙofar fita ba.

Su kuma iyayenmu masu ganin an ɓata al'ada, a yi mini afuwa in tuna musu wani abu. Kuntigi, irin wanda Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi, da gwangwanin kifi ake haɗa shi, a rufa masa fata. Kiɗan Bahaushe bai taɓa ƙyamar baƙon kaya ba, yakan karɓa ne ya koya masa Hausa. A shekarun 1970 Bala Miller yana rera waƙoƙin Hausa da jita da ƙahonin bature a Kaduna. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na fiyanon lantarki a Yamai.

Ita kanta Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000, ba wani kamfani ne ya raine ta ba. Da wasan dare da bukukuwa ta tsayu, tana rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, tana sayar da faifanta a titunan Yamai, kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da kundinta Kaani a 2013. Mdou Moctar, Buzun da a yau ake cika dandali domin jitarsa a Amurka da Turai, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon na'urar waƙoƙin Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara har suka faɗa kunnen mai kamfanin Sahel Sounds. Wato na'ura da hannu ba kishiyoyi ba ne. Na'ura ta riƙe ƙidaya da nauyin sauti, jita ta kawo zafi, fata da ƙwarya su kawo magana.

Daga Daura zuwa iyakar Kongolam tafiyar ɗan lokaci ce, amma a wannan fanni maƙwabtanmu sun ba mu rata. Yamai tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya, inda ake adana kayan gargajiya ana kuma koyar da su, ƙasarsu kuma ta kafa gasar Ɗan Gurmu domin ba makaɗa lambar yabo. Mu a nan sai Sallar Gani ta zo, ko za a tarbi babban baƙo, ake tunawa da makaɗa. A yi hoto da su, a sallame su, sai wata shekara. Mu ma jama'a da namu laifin. Ango zai biya mai sifika kuɗi masu kauri tun kafin biki, mai kalangu kuwa sai abin da aka liƙa masa a goshi. Ɗan makaɗi yana kallon wannan, gobe ya nemi babur ya kama acaɓa. Mai sassaƙa icen kalangu ya koma sassaƙa turmi. Takardun tarihi ba sa riƙe take, a hannu yake zama, idan hannun ya tafi ya tafi da shi.

Ga matasanmu masu kwamfuta a shagunan Daura da Sandamu, shawarata ita ce ku riƙe fiyanonku, amma ku ajiye kujera ɗaya kusa da makirfo. Ku nemo mai kalangu ko mai ƙwarya na unguwarku, ku biya shi kamar yadda kuke biyan mai haɗa sauti, ku sa sunansa a jikin waƙar. Dattijon da na gani a bikin nan yana nan da ransa, kalangunsa na rataye a zaure.