Ɗora inji a bayan jirgin ruwa: a fara duba katako

Gulbin Maraɗi yana shigowa ne daga Najeriya. Yana bi ta kusa da Madarunfa da Jiratawa, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya. Da rani yashi ne, ko jaki yana ƙetare shi. Da damina kuwa ba a wasa da shi. A shekarar 1945 ruwansa ya ci tsohon garin Maraɗi, har mutane suka tashi suka koma kan tudu. A kudu da Maraɗi akwai tabkin Madarunfa, inda masunta suke kama kifi da ƙananan jirage. Wasu samari kuma suna zuwa cin rani kogin Kwara ko tabkin Cadi. Can suna ganin jirage masu inji, su dawo gida da niyyar sayen nasu.

Masu lambu na Jiratawa da Tibiri sun saba da injin ban ruwa. Shi a ƙasa yake zaune, ko ya kwance ba ya zuwa ko'ina. Injin jirgi a rataye yake bisa ruwa, katako guda ne yake riƙe da shi. In katakon ya karye, kuɗin noman shekaru sun nutse ke nan. Wani lokaci har da mutane.

Inji mai ƙarfin doki 15 yana da nauyin kilo 35 zuwa 40. Ban da nauyin, duk turin da yake yi wa jirgi ta wannan katako yake bi, kuma yana girgiza shi ba hutawa. Saboda haka ana son itace mai tauri, irin maɗaci, wanda ya bushe sosai. Kaurinsa ya kai santimita 4 ko 5. A soka shi da bakin wuƙa. In wuƙar ta shige da sauƙi, ya ruɓe ta ciki, ko da fenti ya rufe shi. Ƙusa kaɗai ba ta isa, don girgiza tana zare ta sannu a hankali. A ɗaure shi da noti masu ratsawa, a ƙara masa tokara 2 ta cikin jirgi.

Kwalekwalen da aka sassaƙa daga itace guda, bayansa tsini ne, babu wurin zaman inji. Sai kafinta ya yanke tsinin ya kafa katako, ko ya yi wa injin mazauni a gefe. Wannan aikin gwani ne. Kwalekwale siriri kuma ba ya ɗaukar babban inji: da an juya shi da sauri sai ya kife.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne tsawo. Injuna iri 2 ne a kasuwa. Akwai mai gajerar ƙafa, na katako mai tsawon santimita 38. Akwai mai doguwar ƙafa, na katako mai santimita 51. Ana auna katakon daga samansa zuwa gindin jirgi. A auna tun a gida, a rubuta lambar a takarda, kafin a tafi wurin mai sayarwa. Ga amfanin karatu a nan, don ba kowane ɗan kasuwa ne zai karɓi injin da aka riga aka sa a ruwa ba.

A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar tafin hannu. Shi ne ma'auni. Ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi kamar faɗin yatsa 1. In inji ya yi sama, farfela tana shan iska. Sai a ji ƙara mai yawa, jirgi kuwa ba ya tafiya. Ƙofofin da inji yake shan ruwan sanyaya jikinsa su ma suna can ƙasan ƙafar. In sun fito waje, inji ya yi zafi ya lalace. In kuma ya yi ƙasa da yawa, yana shan mai a banza, yana kartar taɓo, yana naɗe taru. Ruwan tabki kuma yana janyewa da bazara.

Mutum 2 ne suke ɗora inji, a bakin ruwa inda ƙafa take taka ƙasa. A zaunar da shi a tsakiyar katako sosai. Yana da maɗaurai 2 masu murɗawa. A sa ɗan fallen ƙarfe a ƙarƙashinsu don kada su nutse cikin itace. A murɗa da hannu har su kama, ban da guduma. Bayan an yi tafiya ta minti 15 a tsaya a sake murɗawa. Sannan a ɗaure injin da igiya mai ƙarfi ko sarƙa a jikin jirgi. In maɗauran sun saki, igiyar ce za ta hana shi tafiya ƙasan ruwa.

Akwai wani ƙarfe siriri da ake zurawa cikin ramuka don gyara tsayuwar inji. A zaɓi ramin da ƙafar injin za ta tsaya cak cikin ruwa bayan an yi lodi. In ƙafar ta yi nisa da jirgi, goshin jirgi yana ɗagawa. In ta matso da yawa, goshin yana nutsawa. Nauyin inji da na matuƙi duk a baya suke, saboda haka a tura kaya gaba kaɗan. In ba haka ba, da an tsaya da sauri ruwa zai hau katakon ya shigo.

Kada a tada inji a kan tudu don gwaji. A cikinsa akwai ƴar roba mai tura ruwa, ba ta daɗewa take ƙonewa in ta juya a bushe. In an tada shi cikin ruwa, a duba bayansa. Za a ga ruwa siriri yana tsartuwa kamar fitsari. In bai fito ba, a kashe injin nan take, a duba ko ciyawa ko leda ta toshe ƙofofin. Matuƙi ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, filafili kuma ya kasance cikin jirgi kullum.