Soyayya, Addini da Wahalar Rayuwa a Ƙagaggun Labarai: Kwatanci Tsakanin Labaran Amish da Littattafan Soyayya na Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta kwatanta ire-iren ƙagaggun labarai guda biyu waɗanda ba su san da juna ba, amma jigoginsu sun yi kama: labaran soyayya da ake rubutawa a Amurka game da al'ummar Amish, da kuma littattafan soyayya na Hausa da suka bunƙasa a Kano. Manufa ita ce a gano matsayin littattafan Hausa a karkarar jihar Maraɗi, musamman a wuri kamar Cadakori cikin gundumar Gidan Runji, inda matsalolin da littattafan ke magana a kai suka fi tsanani, amma masu iya karanta su suka fi ƙaranci.

2.0 Labaran Amish

Amish wata ɗariƙa ce ta Kirista da ta samo asali daga rabuwar da Jakob Ammann ya jagoranta a 1693 a ƙasar Suwizalan da yankin Alzas. A ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Fensilbaniya. Masu tsananin riƙo daga cikinsu ba sa mallakar mota, ba sa jan wutar lantarki zuwa gida, kuma wanda ya saɓa wa dokar jama'a bayan an yi masa baftisma akan ƙaurace masa.

Littafin Beverly Lewis mai suna The Shunning, na 1997, shi ne ake ɗauka ya buɗe kasuwar wannan adabi. Tauraruwarsa, Katie Lapp, ta gano cewa ba iyayen da suka rene ta suka haife ta ba, ta ƙi auren shugaban cocinsu, aka ƙaurace mata. Marubuta irin su Wanda Brunstetter da Cindy Woodsmall sun bi sahu. Valerie Weaver-Zercher, a nazarinta na 2013, ta nuna cewa mafi yawan marubuta da masu karatun ba Amish ba ne. Mata ne Kirista ƴan bishara, waɗanda gaggawar rayuwar zamani da batsar kafofin nishaɗi suka gundura, suke neman mafaka a labarin wata karkara mai natsuwa da kamun kai.

3.0 Littattafan Soyayya na Hausa

Jigon soyayya ba baƙo ba ne a rubutaccen zuben Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, na 1934, labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Amma sai da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sannan matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa ƴan kasuwa. Daga cikin fitattu akwai Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya (1987) da Alhaki Kuykuyo Ne (1990) da Wa Zai Auri Jahila? (1990), da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa.

Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan adabi sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba mai ɗorewa ba ne, yayin da Abdalla Uba Adamu ya kare shi. Brian Larkin kuwa, a 1997, ya nuna alaƙarsa da finafinan Indiya. Gardamar ba ta tsaya a jaridu ba, domin a 2007 gwamnatin jihar Kano, a zamanin Ibrahim Shekarau, ta ƙona wasu littattafan a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya.

4.0 Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Ire-iren biyu sun haɗu a wurare uku. Na farko, tauraruwa budurwa ce da ke tsakanin son zuciyarta da biyayya ga iyaye. Na biyu, wahala, ko ta talauci ko ta mutuwa ko ta saki, jarrabawa ce daga Ubangiji, kuma haƙuri ne maganinta. Na uku, ƙarshen soyayya aure ne.

Bambancin ya fi muhimmanci. Mai karanta labarin Amish baƙuwa ce mai leƙe ta taga, dokokin da ke takura Katie Lapp ba su hau kanta ba. Mai karanta Wa Zai Auri Jahila? kuwa tana iya zama ita ce Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. Saboda haka littafin Hausa ba mafaka ba ne, muhawara ce ta cikin gida. Marubutan ba sa jayayya da addini, sai dai su kafa hujja da shi a kan al'ada: su kawo umarnin neman yardar budurwa kafin a aurar da ita, da wajibcin neman ilimi, da sharaɗin adalci tsakanin kishiyoyi. Wannan ya taɓa wata mas'ala ta fiƙihu, tun da mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa.

Haka kuma matsayin karkara ya sha bamban. A labaran Amish ƙauye ne wurin tsira. A yawancin littattafan Kano ƙauye wurin da ake gudu ne, kuma ci gaban tauraruwa yakan zo ne ta hanyar boko da birni.

5.0 Matsayin Cadakori

Cadakori tana ƙasar Gobir, kuma hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ta daɗe tana shigo da hajar Nijeriya, har da littattafai da finafinai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma a jihar Maraɗi adadin ya kai 89. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda aure ya zama fagen da mata da maza ke ja-in-ja a kan dukiya da daraja a tsawon ƙarni na 20. Ke nan jigon littattafan na nan a raye.

Cikas ɗin shi ne karatu. Makarantar Nijar da Faransanci ta ginu, kuma makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, da aka fara a 1973, ba su game ƙasa ba. Yarinyar da ta yi ƴan shekaru a makaranta sai ta koya wa kanta karatun Hausa, kuma Hausar littattafan ta Kano ce, cike da aron Ingilishi, ba Gobiranci ba. Don haka labarin ya fi isa ga ƴar karkara ta kunne da ido, wato ta fim da labaran da ake karantawa a naɗa a wayar salula. A nan akwai haɗari: idan marubutan birni suka fara kallon karkara kamar yadda ƴan bishara ke kallon Amish, ƴar Cadakori za ta zama abin ba da labari, ba mai bayarwa ba.

6.0 Kammalawa

Daga wannan kwatanci, ana ba da shawarwari uku. Na ɗaya, sashe ya tattara littattafan da ake samu a kasuwannin Maraɗi da Gidan Runji da Agye da Gazawa, domin takardarsu ba ta da ƙarko, kuma da yawa ba su da shekarar bugu. Na biyu, ɗalibai masu neman babban digiri su binciki yadda mata ke sauraron labaran da abin da suke cewa bayan sun saurara, maimakon tsayawa a nazarin jigo da salo kaɗai. Na uku, a gwada wasu daga cikin littattafan a azuzuwan yaƙi da jahilci, tare da ƙarfafa wa masu koyo su rubuta nasu da karin harshensu. Ko littattafan suna gyara tarbiyya ko suna ɓata ta, ba za a yanke hukunci ba sai an ji ta bakin waɗanda labarin ya shafa.