Gajiyar Gam da Yagewar Rufin Jirgin Aloha

Ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgin sama ƙirar Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu, a tsibiran Hawai na Amurka. Ya kai ƙafa 24,000 a sama ke nan sai wani ɓangare na rufinsa, mai tsawon kimanin ƙafa 18, ya yage ya bi iska. Ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, matuƙan kuwa suka samu suka sauke jirgin a tsibirin Maui.

Masu bincike sun gano tushen matsalar a gaɓar da fallayen alminiyam biyu na jikin jirgin suka hau kan juna. An haɗe su ne da gam, aka ƙara da layuka uku na ƙusoshi. Aikin gam shi ne ya raba nauyi bai ɗaya a duk faɗin gaɓar, don kada ya taru a wuri guda.

To, yaya gam ke sakin abin da ya riƙe? Dubi facin da ke jikin robar tayar keke. In ka ja shi a kwance, da wuya ya motsa, amma in ka sa farce a gefensa sai ya ɓanɓaru cikin sauƙi. Haka gam yake: yana jure ja, ba ya jure ɓanɓara, kuma daga baki yake fara saki.

Duk lokacin da jirgi ya yi sama, ana cika cikinsa da iska, jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauko ya saki. Wannan jirgi ya yi haka kusan sau 90,000, domin zangonsa gajeru ne. Kumburi ɗaya ba ya komai. Maimaitawar ce ke tsawaita ƙaramar tsaga kaɗan-kaɗan, kamar yadda waya ke karyewa in ana ta lanƙwasa ta. Wannan shi injiniyoyi ke kira gajiya.

Gam ɗin irin wanda ke bushewa ba tare da an gasa shi ba ne, ga kuma laimar teku mai gishiri ta kutsa ta ci gaɓar. Da ya saki, nauyin duka ya koma kan ƙusoshi, tsagogi suka ɓullo a bakin ramukansu, suka yi ta girma har suka haɗe. Abin tsoro a nan shi ne, gaɓar da gam ya saki kan yi kama da lafiyayya a ido, shi ya sa ake duba ta da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari amsarsa.