Shin Sai da Digiri Ake Tuƙa Jirgin Sama?

Jama'a, ɗalibin Gaya ko Ajingi yakan tambaya: shin ya fara zuwa jami'ar Wudil, ko kuwa ya nufi kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964? To, doka ba ta neman digiri, lasisi take nema. Lasisi mafi girma, wato na kyaftin ɗin manyan jiragen fasinja, ba ya samuwa sai mutum ya cika awa 1,500 yana tuƙi. Amma fa lasisi a kan lafiyar jiki ya rataya. Ranar da ido ko zuciya suka kāsa gwajin likita, tuƙi ya ƙare ke nan. A nan ne digiri yake yi wa matuƙi rana, domin da shi zai ci gaba da ciyar da iyalinsa.