Kafin A Tura Kuɗin Katifa Ta Waya: Lambar Da Ta Fi Kauri Muhimmanci

Agogon hannu na zamani zai iya nuna cewa mutum ya yi barcin awa bakwai, amma ba zai faɗa masa abin da ya sa ya tashi da ciwon baya ba. Sau da yawa, katifar da ya kwana a kai ce sanadi.

Yanzu matasa da dama, musamman masu shirin aure ko kama ɗaki, a Instagram da Facebook suke cinikin katifa. Sai dai a hoto duk katifu ɗaya ne: yadi mai sheƙi da kauri mai ɗaukar ido. Bayan 'yan watanni wata za ta lotsa a tsakiya, kuɗi kuma sun tafi.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne densiti, wato nauyin soson a kowace mita ɗaya ta tsawo, faɗi da tsayi. Da kilogiram ake auna shi. Idan lambar ta yi sama, soson ya fi cika, ya kuma fi jure nauyin jiki. Shi ya sa katifa mai inci 8 da soso mai nauyi kan fi mai inci 12 da soso marar nauyi daɗewa. Mai jiki sosai ya fi kowa buƙatar tambayar wannan lamba.

Tauri kuma daban yake. An saba cewa katifa mai tauri kamar katako ce maganin ciwon baya, amma wani bincike da aka yi a Sifaniya, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2003, ya gano cewa masu ciwon baya sun fi samun sauƙi a kan mai matsakaicin tauri. Mai kwanciya ta gefe yana buƙatar ɗan laushi saboda kafaɗa da ƙugu, mai rubda ciki kuwa ya fi dacewa da mai ɗan tauri.

Akwai kuma soso mai bin siffar jiki, wanda aka ƙirƙiro a 1966 don hukumar NASA ta Amurka. Yana da daɗin kwanciya, amma yana riƙe zafi. Mai zama a Sakkwato ko Maiduguri ya tuna da daren watan Afrilu babu wuta kafin ya biya.

Kafin a tura kuɗi, a nemi mai sayarwa ya turo hoton tambarin kamfani da ke jikin katifar, da takardar garanti, sannan a auna gadon da tef. Idan shagon yana kusa, a je a kwanta a kanta na minti goma. Mai sayarwar da ya kasa faɗin densitin katifarsa, gara a nemi wani.